Fayil da Rajista a Matsayin Malamai: Gudummawar Bayanan Asibiti ga Koyar da Likitancin Yara

Tsakure

An daɗe ana horar da likitocin yara a gefen gadon majinyaci, inda ɗalibi kan koyi aiki ta hanyar kallon malaminsa. Wannan maƙala ta duba wata kafar ilimi da ake yawan sakaci da ita, wato bayanan da ke taruwa a fayil da rajista da sakamakon manyan bincike. An yi nazarin wasu fitattun bincike da aka gudanar a Afirka, da tarihin katin awon girman yara, da tsarin bitar mace-mace a asibiti, domin nuna abin da alƙaluma ke koya wa ɗalibi wanda idonsa ba zai gano ba. Maƙalar ta kuma taɓo yadda ma'ana ke salwanta yayin da aka mayar da bayanin uwa Bahaushiya zuwa Ingilishi a takarda, da haƙƙin yaron da aka ɗebi bayanansa.

Fitilun kalmomi: bayanan asibiti, likitancin yara, koyarwa, alƙaluma, sirrin majinyaci.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan fahimta aka gina mafi yawan horon likita. Ɗalibi kan bi malaminsa zagayen safe daga gado zuwa gado, ya ga yadda ake tsungule fatar ciki domin gane ƙarancin ruwa, ya saurari ƙirji, ya koyi bambanta kukan yunwa da kukan ciwo. Babu littafin da zai maye gurbin wannan. Sai dai abin da ɗalibi ɗaya zai gani a 'yan makonnin da yake yi a sashen yara ƙalilan ne, kuma ya dogara ga sa'a. Wanda ya zo da damina zai ƙoshi da zazzaɓin cizon sauro, wanda ya zo da bazara zai fi cin karo da ƙyanda da sanƙarau. Dukkansu za su fita da takardar shaida iri ɗaya, alhali abin da suka gani ya bambanta.

Lamarin ya fi tsanani a likitancin yara saboda dalilai na zahiri. Jariri ba ya faɗin abin da ke damunsa. Ana ƙiyasta yawan maganinsa ne da nauyin jikinsa, don haka kuskuren awo kan zama kuskuren magani. Bugu da ƙari, abin da ake ɗauka daidai yana sauyawa da shekaru. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki numfashi a matsayin mai sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Waɗannan lambobi ba daga tunanin wani malami suka fito ba, an samo su ne daga ƙirga numfashin yara masu yawa tare da kwatanta shi da abin da hoton ƙirji ya nuna.

2.0 Ma'anar Bayanan Asibiti

A wannan maƙala, bayanan asibiti na nufin duk abin da aka rubuta game da majinyaci a yayin kula da shi: tarihin ciwon, da awon nauyi da zafin jiki, da sakamakon gwajin jini, da maganin da aka bayar, da kuma yadda jinyar ta ƙare. Suna zuwa a mataki uku. Akwai fayil ɗin yaro guda, akwai rajistar ɗakin kwanciya wadda ke tara labarin ɗaruruwa, sannan akwai bayanan da aka tattara da gangan ƙarƙashin tsarin bincike. Ɗalibai sun saba da na farko, sukan haddace sakamakon na uku domin jarrabawa, amma na tsakiya da wuya wani ya buɗe musu shi.

3.0 Inda Ido Ya Saɓa da Alƙaluma

Shekaru da dama ana koya wa ɗalibai cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaitar, har hannayensa suka yi sanyi bugun jijiyarsa ya raunana, a gaggauta ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin ɗan lokaci. Koyarwar ta fito ne daga asibitocin Turai da Amurka, inda ake da ɗakunan kulawa ta musamman da na'urorin taimaka wa numfashi. Hankali ya yarda da ita, ido ma ya gaskata ta, domin sau da yawa yaron kan farfaɗo a gaban likita.

Daga 2009 zuwa farkon 2011 aka gwada wannan al'ada a asibitoci shida na Kenya da Yuganda da Tanzaniya, a binciken da aka sani da FEAST, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kathryn Maitland. An raba yara 3,141 gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi biyu sun sami ɗurin ruwa na gaggawa, ɗaya da ruwan gishiri ɗaya da ruwan albumin, kashi na uku kuwa an ba shi ruwa a hankali gwargwadon buƙatar yini. Dukkansu sun sami sauran magunguna yadda ya kamata. Cikin sa'o'i 48, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawa sun rasu, yayin da a ɗaya ɓangaren kashi 7.3 ne. Ke nan a kowane yara ɗari, ɗurin ya ƙara mutuwar kimanin uku. Kwamitin da ke sa ido kan alƙaluman ne ya nemi a dakatar da binciken tun kafin wa'adinsa.

Abin da ya fi dacewa da aji shi ne abin da aka gano da aka koma kan bayanan daga baya. Yaran da aka yi wa ɗurin sun fi nuna alamun farfaɗowa a sa'ar farko. Wato idon likitocin bai yi musu ƙarya ba, abin da suka gani ya faru, illa dai mutuwar kan biyo baya, watakila da dare, a hannun wani ma'aikacin daban, kuma a cikin yaran da dama can ana tsoron rasa su. Bambancin uku cikin ɗari ba abu ne da mutum guda zai lura da shi ba ko da ya shekara talatin yana aiki. A nan gani bai kori komai ba, sai da aka ƙirga.

Akwai darasi na biyu, wanda malamai da yawa kan tsallake. Binciken bai haɗa da yara masu gudawa mai tsanani ba, haka ma masu tamowa mai tsanani da waɗanda suka ƙone ko suka ji rauni. Ɗalibin da ya haddace cewa ɗurin ruwa na kisa, ya je ya hana shi ga yaron da gudawa ta zuƙe, zai yi ɓarnar da ta fi ta farko. Saboda haka karanta sharuɗɗan waɗanda aka shigar cikin bincike da waɗanda aka cire ya zama wajibi kamar karanta sakamakon. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta: kada a yi ɗurin gaggawa ga yaron da ke da alama ɗaya ko biyu kawai na raunin zagayawar jini, sai wanda ya haɗa ukun, wato sanyin gaɓoɓi, da jinkirin dawowar jini a farce fiye da daƙiƙa uku, da bugun jijiya mai rauni da sauri. Shekara biyar ke nan tsakanin fitowar sakamako da sauya ƙa'ida, kuma an yi ta muhawara a tsakani.

3.1 Bincike Biyu, Amsa Biyu

Ba kullum alƙaluma ke magana da murya ɗaya ba. A 2013 aka wallafa wani bincike daga Malawi kan yara fiye da 2,700 masu tamowa mai tsanani da ake jinyarsu a gida da abinci mai gina jiki. Ya nuna cewa ƙara musu maganin ƙwayoyin cuta na rage mutuwa. Shekara uku bayan haka aka wallafa makamancinsa daga gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, kan yara kusan 2,400, sai aka ga amoksisilin bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba wajen warkewa daga tamowar, ko da yake ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti domin kwanciya.

Ɗalibin da aka ba takardun biyu aka ce ya bayyana dalilin saɓanin zai koyi abin da lacca goma ba za ta koya masa ba. Zai gano cewa a Malawi mafi yawan yaran masu kumburi ne kuma cutar ƙanjamau ta fi yawa, a Madarunfa kuwa masu ramewa ne, kuma akwai tsarin bibiya da saurin tura yaro asibiti. Daga nan tambayarsa za ta tashi daga "wane ne ya yi daidai?" zuwa "yaran da ke gabana sun fi kama da waɗanne?"

4.0 Katin Awo: Bayanan da Suka Koma Hannun Uwa

Katin da ake ɗiga nauyin yaro a kai wata-wata yana da tushe a Nijeriya. Dakta David Morley, wanda ya yi aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile tun daga ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya bibiyi girman yaran ƙauyen, ya kuma tsara katin da ya yaɗu a duniya. Hikimarsa ita ce barin katin a hannun uwa, da kuma nuna cewa alkiblar layin ta fi awon rana ɗaya muhimmanci. Yaron da layinsa ya kwanta wata uku yana cikin haɗari ko da bai rame a ido ba.

To amma da wa ake kwatanta yaron? Ma'aunin da aka yi amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1970 an gina shi ne kan yaran Amurka, waɗanda akasarin jariransu madarar gwangwani suka sha. Domin gyara wannan, daga 1997 zuwa 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kimanin 8,500 a Barazil da Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, waɗanda aka shayar da nonon uwa kuma suka tashi cikin wadata. Ma'aunin da ya fito a 2006 ya nuna cewa ƙananan yara daga waɗannan nahiyoyi suna girma kusan bai ɗaya idan sun sami kulawa iri ɗaya. Wannan ya raunana hujjar masu ganin gajartar yaro su ce ai gado ne. Ya kamata ɗalibi ya san wannan tarihi, domin ya riƙa tambayar asalin kowane ma'auni. Na'urar da ake maƙala wa yatsa domin auna iskar oksijin misali ce: wani nazari daga Jami'ar Mishigan a 2020 ya nuna cewa ta fi kasa gano ƙarancin iskar a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata.

5.0 Rajistar Ɗakin Yara

Manyan bincike na da tsada, amma kowane asibitin koyarwa na da rajista. Darasi mafi sauƙi da za a ciro daga cikinta shi ne yadda yawan cuta a gari ke sauya ma'anar sakamakon gwaji. Ga misali na ƙiyasi domin lissafi kawai. A ɗauka akwai gwajin zazzaɓin cizon sauro da ke kama masu cutar 95 cikin 100, yana kuma kuskuren nuna ta ga mutum 10 cikin 100 marasa ita. Idan da damina yara 600 cikin 1,000 masu zafin jiki na da cutar, gwajin zai nuna ta ga 570 na gaskiya da 40 na kuskure, wato kashi 93 cikin ɗari na sakamakon "akwai" daidai ne. Idan kuwa da rani yara 100 ne kawai ke da ita, zai nuna 95 na gaskiya da 90 na kuskure, daidaiton ya faɗo kusan rabi. Gwajin bai sauya ba, lokaci ne ya sauya. Ɗalibin da ya zauna ya zana yawan masu zazzaɓin wata-wata daga rajistar asibitinsa zai fahimci dalilin da ya sa bai kamata ya daina neman sanƙarau ko ciwon huhu ba don kawai gwajin yatsa ya nuna layi biyu a watan Maris.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ishara. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yara sun riƙa jijjiga suna mutuwa, alamun da suka yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Yawan mace-macen da rashin jin magani ne suka sa ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka zargin wani abu daban, gwajin jini kuma ya tabbatar da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 suka rasu. Yaro guda ba zai tona wannan asiri ba, sai da aka jera su.

Wasu ƙasashe sun mayar da irin wannan bita tsari. A Afirka ta Kudu akwai shirin da ake bitar mutuwar kowane yaro a asibiti, ana neman abin da da an gyara shi da watakila an tsira, ko a gida ne, ko a ƙaramin asibiti, ko wurin karɓar gaggawa, ko a ɗakin kwanciya. A Kenya kuwa, tun 2013 aka haɗa asibitocin gundumomi fiye da goma cikin wata hanyar musayar bayanai. Ana amfani da takardar karɓar majinyaci iri ɗaya, magatakarda na shigar da bayanan cikin kwamfuta bayan sallama, sannan a mayar wa kowane asibiti rahoton aikinsa lokaci-lokaci. Takardar kanta malama ce, domin sabon likita da ya tarar da gurbin awon damtse ko na ƙirga numfashi a gabansa zai ji nauyin barinsa fanko.

Sai dai taron bitar mutuwa na iya zama dandalin tozarta ƙananan likitoci. Inda hakan ta faru, abin da ɗalibi ke koya shi ne yadda zai rubuta fayil domin kare kansa, daga nan kuma bayanan sun gurɓace tun daga tushe.

6.0 Daga Bakin Uwa Zuwa Takarda

A asibitocin ƙasar Hausa uwa kan yi bayani da Hausa, likita ya rubuta da Ingilishi ko Faransanci. A wannan tsallake ne kaso mai yawa na bayanin ke zubewa, kuma nan ne masana harshe ke da abin cewa. Idan uwa ta ce yaronta na da shawara, ba lallai ne tana nufin idonsa ya yi rawaya ba, domin a wurin jama'a kalmar ta ƙunshi kasala da rashin cin abinci da sauyin launin fitsari. Idan ta ce haƙori ne ke damunsa, tana iya nufin gudawa da zafin jiki na kwanaki, waɗanda ta ɗauka ba sa buƙatar asibiti. Ɗalibin da ya fassara kalmar kai tsaye ya rubuta abin da ba a gani ba, wanda kuma ya watsar da ita ya rasa dalilin jinkirin zuwa. Haka nan da wuya fayil ya ambaci cewa an cire wa jariri beli, ko an ba shi jiƙo, sai idan an yi tambayar cikin ladabi da sigar da ba ta ɗora laifi.

Shekaru ma matsala ce. Uwa na iya cewa an haifi yaron da azumin bara, ko lokacin kaka, ko kuma yana gab da yaye. Mai rubutu cikin gaggawa sai ya sa shekara ɗaya ko biyu cif. Duk wanda ya zana shekarun yaran da ke rajista zai iya ganin sun taru a kan wata 12 da 24 da 36. Tunda ana kwatanta nauyi da tsawo da shekaru ne, kuskuren wata huɗu na iya mayar da yaro mai tsumburewa lafiyayye a takarda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa awon damtse ya samu karɓuwa, domin daga wata 6 zuwa 59 ma'auni guda ake bi: ƙasa da milimita 115 tamowa ce mai tsanani. Aikin aji mai amfani shi ne a ba ɗalibai fayil hamsin da aka cire wa suna, su ƙirga nawa ne ba a rubuta nauyi ba, nawa ne kuma aka ba da magani duk da haka.

7.0 Amanar Bayanan Yaro

Batun bayanan yara a Kano ba ya rabuwa da abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun rasu a ɓangarorin binciken biyu. An yi shari'a kan zargin rashin neman cikakken izinin iyaye, kamfanin ya musanta aikata laifi, sannan a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Manazarta da dama na ganin wannan lamari na cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan'inna a 2003. Duk malamin da zai koyar da amfani da bayanan yara a wannan yanki, ya dace ya fara da wannan tarihi.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, tare da tanadin izinin iyaye ko waliyyi game da yara. Barazanar yau da kullum ba daga manyan kamfanoni take zuwa ba, daga wayar hannu take. Hoton ƙurji ko na kumburin yaro da aka ɗauka da niyyar koyo, aka tura zauren WhatsApp na 'yan aji, ya fita daga ikon wanda ya ɗauka. Uwar da ke tsaye tana jiran taimako kuwa da wuya ta iya ce wa mai farar riga a'a, don haka shirunta ba izini ba ne.

Cire suna kaɗai ma bai wadatar ba. A ƙaramin ƙauye, ambaton garin da shekarun yaro da wata cuta da ba a cika gani ba ya isa a gane ɗan gidan wane ne. Kafin fayil ya shiga aji, ana buƙatar a goge lambar asibiti da lambar waya da sunan unguwa, a mayar da ranar haihuwa zuwa adadin watanni, a kuma sa ƙaramar hukuma a madadin sunan ƙauye.